Tankin wani babur a kan naka: a yi walda ko a bari?

"Maigida, barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram, babur ɗina Kasea ne mai inji 125. Na faɗi da shi a yashi, tankin ya loɓa, daga baya ya soma yoyo. Da yake ina yawan kai mutane ƙauye, sai na ce bari in sa babba. Na samu tankin Boxer na hannu wajen masu tsofaffin kaya, amma ya ƙi zama: gaba bai shiga robobin ba, ramin baya kuma bai dace da na shasi ba. Yanzu da robar tiyub na ɗaure shi. Yana kaɗawa, ina jin warin mai, kuma in man ya yi ƙasa da rabi sai babur ya riƙa shaƙewa yana mutuwa. Wani mai walda ya ce in kawo ya cire robobin, ya liƙa wa tankin kunnuwa a ɗaure shi da noti a jikin shasi, magana ta ƙare. In kai masa?"

Ƙanena, sannu da wannan faɗuwa, Allah ya kiyaye gaba. In na fahimce ka, kana riƙe da tankin da ba na babur ɗinka ba, kana so ya zauna daram, an kuma nuna maka gajeriyar hanya ta walda. Kada ka kai masa, ko da za ka kai ba don wannan aikin da ya faɗa ba. Ana ɗora tankin wani babur a kan wani, muna yi a gareji, amma mazaunin ake gyarawa ya karɓi tanki, ba a taɓa jikin tankin, roba kuwa ba ta fita daga lissafi ko kusa. Wannan robar tiyub da ka ɗaure shi da ita, duk muninta, ta fi abin da mai waldar ke shirin yi maka sauƙin illa, ko da yake ita ma ba abin ɗaukar fasinja a kai ba ce.

Na gane abin da ya ja ka ga babban tanki. Matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut tana aiki tun 2011, a cikin gari gidan mai ba ya wuya, amma da ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauye sai na kwalba, a kuɗin da mai shi ya ga dama. Injin 125 mai lafiya yakan yi kilomita 35 zuwa 40 da lita ɗaya a kan kwalta, a yashi da mutum biyu da buhu kuwa ƙasa da haka sosai. Ƙarin lita biyu ko uku shi ne tsakanin ka dawo gida a kan sirdi da ka dawo kana turi. Niyyar ba ta banza ba ce.

Yadda kamfani ya zaunar da shi

Ka cire sirdi, ka ɗauke tankin, ka tsaya ka dubi shasin da kyau. Yawancin ƙananan baburan da muke hawa, na Sin da na Indiya, wuri uku kacal tankinsu ke dogara. A gaba, ɗan baya da wuyan babur, akwai gajerun ƙarafa biyu da suka fito dama da hagu, kowanne sanye da zagayayyar roba mai kauri. A cikin kwarin da ke ƙarƙashin tankin kuma akwai kofuna biyu masu buɗaɗɗen baki, in ka turo tankin gaba sai su haɗiye robobin nan. Babu noti a gaban ko guda. A baya akwai harshe mai rami, cikin ramin roba, cikin robar ɗan gajeren bututun ƙarfe, noti kuma ta cikin bututun yake bi. Wannan ɗan bututun da yara ke yarwa a ƙasan gareji yana da babban aiki: komai ƙarfin da ka ɗaure notin, a kan bututun yake tsayawa, robar ta riƙe harshen tankin ba tare da an murƙushe ta ba. Ke nan babu inda ƙarfen tanki ke taɓa ƙarfen shasi.

Ba rowar noti ta sa kamfani yin haka ba. Inji mai silinda ɗaya girgiza ce sana'arsa. In yana juyi 5,000 a minti, ya fi sau 80 ke nan a daƙiƙa ɗaya yana bugun shasi. Ƙarfen tanki kuwa kaurinsa wajen milimita ɗaya ne, an haɗa saman da ƙasan da ɗinki a gefe. Lita ɗaya ta esansi ta kai giram 740, cikakken tanki mai lita 11 yana ɗauke da kilo 8 na mai da ke tangal-tangal a ciki, ban da nauyin ƙarfen kansa. Ga shi shasin ma ba sandararre ba ne, yana ɗan murɗawa duk sa'ad da ka faɗa rami ko ka bi hanyar burji mai gargada. Mai ɗaukar tulu ba don ado take sa gammo ba, to robobin nan su ne gammon tanki. In ka cire su ka ɗaure ƙarfe da ƙarfe, duk girgizar inji da murɗawar shasi a siririn ƙarfen tankin za su ƙare. Ƙarfe in ana lanƙwasa shi yana komawa, ko da ido ba ya gani, yana gajiya ya tsage. Kuma na san inda naka zai tsage: dab da bakin waldar kunnuwan, inda wuta ta riga ta raunana ƙarfen, inda kuma kauri ya haɗu da siriri. Ba ranar farko zai yi ba, shi ya sa mai waldar zai karɓi kuɗinsa da gaskiyarsa. Sai an kwana biyu za ka ga fenti ya yi damshi, ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi. Ka tuna abin da ke ƙarƙashin wurin: kan inji mai zafi, kwayil, da wayar buji.

Tankunan da ake kawo mana sun tsage a harshen baya, in ka bincika kusan kullum labarin ɗaya ne. Robar ta ruɓe ko bututun ya ɓace, wani ya sa washa biyu ya ɗaure tamau don ƙara ta daina. Ƙarar takan daina kuwa. Sauran kuma na masu ɗora buhun gero ko jarka a kan tanki ne, abin da ƴan kabu-kabu ba sa son a faɗa. Robobin an yi su don nauyin mai, ba don kilo hamsin na hatsi ba.

A fara gwadawa kafin a yanka komai

Ban ga babur ɗinka ba, kuma masu suna ɗaya ma shasinsu yakan bambanta daga wannan zubi zuwa wancan, saboda haka ba zan ce maka daga nan wannan tankin zai zauna ko ba zai zauna ba. Gwaji ne zai faɗa, kuma kai ma za ka iya yinsa. Ka juye man duka a jarka, a fili, nesa da mai shayi da masu sigari. Ka zare robobin gaba, ka ɗora tankin haka nan a inda kake so ya zauna.

Abu na farko kwarin ƙasa. Dole ya haɗiye gadon bayan shasi da duk abin da ke manne da shi, wato kwayil, damin wayoyi, wayar totur da ta kuloci, ya kuma bar sarari. Tunda ido ba ya shiga can, ga dabarar da muke yi: ka cura laka ƙanana ka ɗora a kan duk abin da ya ɗago, ka sauke tankin a hankali, ka ɗaga. Curin da ya baje ya nuna maka inda tankin zai riƙa goga. Ina son kaurin yatsa ɗaya a ko'ina, a saman kan inji kuwa yatsa biyu zuwa uku, don iska ta ratsa. Waya in tana goga a ƙarƙashin tanki, wata rana za ta feɗe ta yi tartsatsi a wurin da ya fi ko'ina rashin dacewa.

Sai ka juya kan babur har ƙarshe, dama da hagu. Babban tanki yakan fi faɗi a kafaɗa, sai ka tarar saman shokozoba ko makunnin fitila yana dukansa. Ka riƙe kan yadda kake riƙewa in kana tuƙi, ka ga ko babban yatsanka zai matse tsakanin hannu da tanki. Wanda ke kutsawa cikin cunkoson Kasuwar Dole ran Alhamis ya san sau nawa yake karya kai har ƙarshe. Wasu sukan ƙara ƙarfe a matsayar kan don ya daina kaiwa tankin, amma sun rage wa babur juyi ke nan, ni ba na so. Daga nan ka mayar da sirdi ka ga ko bakinsa ya shiga inda ya kamata. Sirdin da ke hawa kan tanki, nauyinka yake sauke masa.

Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, shi ne kwanciyar tankin. Ka tsayar da babur a miƙe a wuri mai daidai, ka koma gefe ka duba. Kusurwar da robine yake, wato famfon man, ita ya kamata ta fi ko'ina ƙasa, kuma bakin robinen ya kasance sama da inda tiyo ke shiga kabureta. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

In kwarin ya yi wa shasi kaɗan, magana ta ƙare a nan, ka mayar da tankin ka nemi wani. Kada ka yarda a buɗa shi da guduma. Duka yana buɗe ɗinki, yana fasa rufin cikin tankin tsatsa ta samu ƙofa. In kuwa kwarin ya wadata, kai yana juyawa, matsalar kawai kofuna ba su faɗa kan robobi ba kuma ramin baya ya goce, wannan mai gyaruwa ne.

Gyaran mazaunin

Ka fara da abu mafi araha: robobin da za ka saya su zama na tankin, ba na shasin ba. Kofunan tankin Boxer robar Boxer suka sani. Sau da yawa da an sa su sai a ga rabin matsalar ta tafi. In ramin robar ya yi wa ƙarfen shasinka yawa, ana sa guntun tiyo a kan ƙarfen ya cike. In tsakanin kofunan ya fi faɗin shasin, ana ƙara zoben roba a bayan kowace, daidai wa daida a ɓangarorin biyu don tankin ya tsaya a tsakiya. Gefen tsohuwar tayar mota yana yin wannan aiki sosai, yana da zare a ciki, ba ya saurin mutuwa. Robar tiyub ba ta yi, ta yi laushi, kuma da mai ya taɓa ta sai ta kumbura ta saki. Soso da tsumma kuwa ruwa suke riƙewa su ruɓar da ƙasan tanki.

In ƙarafan gaba ne ba sa wurin da ya dace, sun yi gaba ko baya ko ƙasa, a nan ne mai walda zai ci kuɗinka da halali. Zai yanke tsofaffin ya dasa sababbi a inda kofunan suka faɗa, a jikin shasi, tankin yana can nesa a wani wuri. Ka sa alama da alli tun tankin yana kai, a ɗan ɗiga walda a gwada, sai an tabbata sannan a cika. Ka tsaya a kansa kan abu uku. Kada ya huda gadon bayan shasi don ya zura dogon noti, wannan bututun shi ke riƙe da wuyan babur. Kada ya zagaye bututun da walda, gajeren ɗinki a tsaye ya isa, in akwai farantin ƙarfafawa kusa da wuya a kansa ya fi. Sannan a cire wayar batir, a zare CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar buji, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda dab da wurin aiki, a rufe kabureta da wayoyi da jiƙaƙƙen buhu bayan an tsiyaye man da ke cikinta.

Baya ya fi sauƙi, galibi ba ya bukatar wuta. Ɗan falle na ƙarfe mai kaurin milimita 3, rami biyu: ɗaya a ɗaure a tsohon ramin shasi, ɗayan ya karɓi notin tankin da robarsa da bututunsa. Ya zama gajere. In ya miƙa ya fi yatsa uku ba abin da ya tokare shi, zai riƙa lilo, sai a sa masa roba a ƙasa ko a ba shi noti na biyu. Notin wurin yawanci mai kaurin milimita 6 ne da ake kamawa da kile 10, ko mai 8 da ake kamawa da kile 12. A sa washa mai faɗi a saman robar, da abin da zai hana notin warwarewa.

Ga ma'aunin da nake ba yaran gareji. In an gama, tankin ya zame gaba ya shige robobinsa da turin tafin hannu, harshen baya ya sauka a kan raminsa da kansa, noti ya shiga da yatsu. In sai an sa sukurdireba an banƙaro rami kafin noti ya shiga, ko sai wani ya danne tankin da gwiwa, aikin bai yi ba. An ɗaure shi a takure, zai kuma rama ta hanyar tsagewa. Ɗan ruwan sabulu a robobin yana sa su shiga salin-alin. Kada a shafa musu baƙin mai ko giris, yana cin roba.

Wuta a jikin tanki

Ko da a ce kunnuwan nan dabara ce mai kyau, da sauran magana a kan kai wuta jikin tankin da ya taɓa shan esansi. Mutane suna ganin in an juye man an huta. Tankin da ba komai a cikinsa shi ne mai kisa. Ruwan esansi ba ya fashewa, tururinsa ne in ya gauraya da iska, kuma kaɗan yake bukata, tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari na iskar da ke ciki. Ɗan abin da ya maƙale a ɗinki da cikin tsatsa ya isa ya ba da wannan da zarar ƙarfe ya yi zafi. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi ya fita don an bar marfi a buɗe, kwanciya yake a ƙasa. Tankin da ya shekara a rataye a rumfar masu tsofaffin kaya ma ba a ba shi amana.

Na san masu yi. Wasu su wanke da garin sabulu sau da yawa su cika shi da ruwa har dab da wurin da za a ƙona, wasu su zura tiyo daga salansar wani babur hayaƙi ya kori iskar. Na cika ruwan ya fi hankali, na hayaƙin kuwa sa'a ce ke raka shi. A garejinmu ba ma kai harshen wuta jikin tanki, kuma ba na tura yaro ya tsaya kusa da mai yi.

Tsohon tankinka ma kada ka yar tukuna. In yoyon ɗan ƙaramin rami ne ba tsagewar ɗinki ba, ana kankare wurin har farin ƙarfe a toshe da gam mai haɗi biyu irin wanda mai ba ya ci, ko a liƙe da dalma ta hanyar ƙarfen da aka gasa a can nesa aka kawo, yadda masu gyaran bokiti ke yi. Loɓawa ba ta hana tanki aiki. Goga sabulun wanki a kan yoyo kuwa dabarar daji ce, ta kai ka gida kawai.

Abin da ke kashe shi in mai ya yi rabi

Waɗannan babura ba su da famfon tura mai. Nauyin man ne kawai ke gangaro da shi zuwa kabureta, saboda haka in tanki ya cika turin yana da ƙarfi, yana raguwa turin na raguwa. Duk wata ƴar cikas da cikakken tanki ke fin ƙarfinta, rabin tanki ba zai iya ba. Alamar da ka faɗa ke nan, saura a gano cikas ɗin.

Zargina na farko kwanciyar tankin. Tunda gaba bai shiga robobi ba, ko dai ya ɗago ko ya zauna a karkace, kuma in bayan ne ya fi tsayi, man yana taruwa a gaba ya bar robine a bushe alhali kana jin motsinsa. Ka tuna kuma tankin kamar aljihu biyu yake a kan shasi, dama da hagu, robine yana hagu. In ya karkata dama, man da ke can ba ya tsallako kwarin. Shi ya sa in mai ya yanke wa tsofaffin direbobi sukan kwantar da babur hagu su samu na kaiwa gidan mai.

Na biyu tiyo. Robinen sabon tankin ba a inda tsohon yake ba, na tabbata an ja tiyon ko an ƙara masa tsawo. In ya lanƙwashe, ko ya yi sama kafin ya gangaro, iska takan tsaya a ƙololuwar ta tare hanya. Tiyo ya gangara tun daga robine har kabureta ba hawa, kada ya taɓa kan inji, kada kuma ya yi ɗamau, a bar masa ɗan sako-sako tunda tankin yana motsi a kan roba.

Na uku robinen kansa. A cikinsa akwai bututu biyu, dogo na ON, wato buɗewar yau da kullum, gajere na RES, wato man ajiya, da ƴar raga a kansu. In an ɗauko robinen wani babur mai dogon bututu, ON zai yanke tun da sauran mai da yawa. Gwajin ba wuya: in ya soma shaƙewa ka juya zuwa RES, in ya farfaɗo ka samu ɓarawon. Tankin hannu kuma ragarsa takan toshe da tsatsa daga ƙasa, saman kawai ke wucewa.

Na huɗu marfi. Akwai ƴar ƙofar iska a jikinsa, in mai ya fita iska ta maye gurbinsa. Ƙurar hunturu tana toshe ta, haka ma ledar da wasu ke naɗawa a bakin tanki don hana yoyo. In babur ya mutu ka buɗe marfin nan take. Ka ji ya ja iska, ya kuma tashi bayan haka, marfin ne. Ko wanne ne, ka zare tiyon daga kabureta ka sa a kwalba, da mai kamar lita uku a tanki, ka buɗe robine. Ya zubo a miƙe ba yankewa har minti ɗaya. In ɗiga yake ko yana yi yana tsayawa, laifin yana sama, kada kowa ya kwance maka kabureta.

Warin da kake ji kuma kada ka saba da shi. Ka goge tankin ya bushe, ka barbaɗa toka ko garin alli a ɗinkin ƙasa, gindin robine da wajen kofuna, ka bar shi ya ɗan jima. Inda ya yi duhu nan ne. In a gindin robine ne, robarsa ce, kuɗi kaɗan. In a ɗinki ne ko gindin kofi, tankin ya riga ya gaji tun a wajen mai shi na farko, kada ka kashe ko dala a kan mazauninsa. Wannan gwajin ya kamata ya riga komai. Kada kuma a gwada shi da iskar kwamfresa, tanki ba taya ba ne, kumbura yake ya buɗe.

Wanki da ɗorawa

In ya tsallake duk wannan, ka haska cikinsa da tocila, ba ashana ba. Tsatsa sama-sama tana fita in ka cire robine ka toshe ramin, ka zuba gazuwal kaɗan da tafin hannu na ƙananan notuna, ka girgiza sosai, ka juye, ka ƙirga notunan su fito cif, ka ɗauraye da esansi har ya fito garau. Sabon tanki na kwali ma a ɗauraye shi, ana samun ɓarɓashin ƙarfe da maiƙo a ciki. Ka sa ƙaramar filta tsakanin robine da kabureta, kibiyarta na kallon kabureta. Ga mai shan man kwalba a ƙauye wannan ba ado ba ne, domin mazurari da kwalbar a cikin ƙura suke wuni. Tiyon ya zama baƙi na mai, da maƙalli a kowane baki. Farin tiyon nan na ruwa da wasu ke sawa, esansi yana busar da shi ya sandare, wata rana ya zame ya zubo mai a kan inji.

In tankin yana da ma'aunin mai na lantarki, wataƙila allurar agogonka ba za ta yi gaskiya da shi ba, don kowane kamfani da irin nasa. Ba abin damuwa ba ne, ka naɗe wayoyin da kyau ka dogara da RES.

Wajen ɗorawa, robine a rufe, wayoyi a ɗaure a jikin shasi, tanki ya shiga gaba, noti a baya har ya tsaya a kan bututunsa, ba a ƙara. Ka kama tankin da hannu biyu ka jijjiga. Ya ɗan ba da kai kamar abin da ke kan roba, amma ba ƙwanƙwasa, ba zamewa. Ka juya kai dama da hagu inji yana aiki a hankali, in ƙararsa ta tashi da kanta tankin ya danne wayar totur, a sake mata hanya kafin ka hau. Ka zuba lita biyu tukuna, ka zagaya unguwa, ka dawo ka shafa ƙasan tankin da yatsa ka sansana.

Kada ka cika shi har baki, balle a watan Afrilu da Mayu da zafin Damagaram ke haura digiri 40. Esansi yana kumbura wajen mililita ɗaya a kowace lita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Man da ya fito da sanyinsa daga rijiyar gidan mai, ka ajiye babur a rana, sai ka ga yana tsattsafowa ta marfi yana bin fenti zuwa inji. Ka tsaya a gindin wuyan tankin.

Duk wannan bayani na babur mai kabureta ne. Sababbin nan masu famfo a cikin tanki da na'urar fesa mai, man nasu da matsi yake tafiya, ba a yi musu irin wannan musanya, sai tankinsu na asali. Kuma in wani ya ba ka shawarar a yanka tanki a ƙara masa ciki ya ɗauki lita ashirin, ban da haɗarin wutar da na faɗa, ka san irin kallon da ƴan duwan, wato kwastan, za su yi maka a hanyar Magarya ko Matamaye.

Ka yi lissafi kafin ka fara: robobi, robine, tiyo, filta, ladan mai walda, da wunin da ba ka yi aiki ba. In jimlar ta kusa kuɗin tankin Kasea na asali, ka sayar da wannan ka sayi wancan, ya zauna cikin minti goma. In ka ci gaba da wannan ɗin, bayan mako guda na aiki ka ɗauke shi ka duba ƙasansa da shasin. Duk inda fenti ya goge ya yi sheƙi, ƙarfe na taɓa ƙarfe a wurin, a ƙara roba ko a matsar da abin da ke gogar, sannan a sake duba notin baya.